Yadda Ɗalibai Ke Koyon Tona Asirin Jabun Magani

A bitar gwaji da ake shirya wa ɗaliban haɗa magunguna da na kimiyyar binciken laifuka, allo da alli ba su da kasuwa. Hannu ne ke aiki.

Ɗalibi zai daka ƙwayar farasitamol, ya narkar da garin, ya ɗiga ɗigo ɗaya a gindin wani siririn faranti mai shafen silika, kusa da ɗigon magani na asali. Sai ya tsayar da farantin cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari. Ruwan na hawa kamar kananzir a lagwani, yana rarrabe abin da ke cikin ɗigon. A ƙarƙashin fitila ta musamman, idan tabon bai kai tsayin na asalin ba, ko ya fito dishi-dishi, maganin abin tuhuma ne. Da dabarar nan ake bambance tawadar takardar bogi.

Ba wasan yara ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Ƙaramin akwatin gwaji na Minilab, da ake kaiwa har karkara, da wannan dabara yake aiki.