DAGA WUDIL ZUWA DAMAGARAM: HUTUN BANA A JE A GA TARIHI

'Yan uwana mata, 'yan makaranta manyan gobe. Da an ce fita ƙasar waje sai hankalinku ya tafi Jidda ko Dubai, alhali ga ƙasar waje nan a bayan gida, wadda mota za ta kai ki a wuni guda. Damagaram nake nufi, wato Zinder ta Jamhuriyar Nijar. Kuɗin ankon biki biyu in kin tara, sun kama hanyar isar ki.

To ga yadda hanyar take. Ku yi sammako daga Wudil, ku haye gada ku shiga Kano, tafiyar kilomita 40 ce ko sama da haka kaɗan. Daga nan sai Kazaure, sai Daura. A tsaya a leƙa rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajida ya ce a nan ya kashe macijiya. Gaba kaɗan sai iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamaye da Takeita a nufi Zinder.

Kafin ku shiga gari za ku ratsa Tirmini. Ki buɗe ido sosai, don a nan dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa a watan Yuli na 1899. Bindigar Nasara ta rinjaye su, birni ya faɗi, daga baya aka kashe Sarkin. Shekara guda kafin nan, a 1898, an kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazamaju, a Zinder, shi ya sa suka laƙaba sunansa ga barikin da suka gina a kan dutse. Wannan Sarki dai shi ne ya kawo wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu. Kin ga ashe tarihinmu ɗaya. Kano ma ba ta daɗe ba, Turawan Ingila suka ci ta a 1903.

A cikin gari sai unguwar Birni, inda fadar Sarki take, ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, ga gidaje masu zane a bango abin sha'awa. Zinder ce hedkwatar Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. In da sauran lokaci a zarce Maijirgi ta hanyar Tasawa, inda aka binne hafsoshin nan biyu, Bule da Shanuwan, da suka ƙone garuruwan Hausawa irin su Birnin Ƙonni a 1899, har sojansu suka juya musu baya suka harbe su. Ƙarshen azzalumi ke nan.

Sai batun shiri. Farko dai izinin Baba. Kada ki tare shi yana shigowa a gajiye. Bari ya ci tuwo ya huta, ki durƙusa ki ce, "Baba, so nake Yaya ya kai mu mu ga inda aka yi yaƙin da muke karantawa." Tafiya ba muharrami babu ita. A tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, a canza naira zuwa sefa tun daga Kano. An rufe iyakar a 2023, aka buɗe a 2024, Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a 2025, don haka Yaya ya tambayi halin hanya a tasha kafin a sa rana. Tafiyar dare kul! Hoto a wurin soja kuwa sai da izini. Harshe ba damuwa, Hausa za ki yi a amsa miki da Hausa.

Ki tafi da littafi da biro, ki gai da dattawan ƙofar fada cikin ladabi, ki rubuta abin da suka gaya miki. Gobe ke ce uwa, abin da kika gani da idonki shi za ki ba 'ya'yanki. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya, amin.