Karin Kumallo da Rage Ƙiba

Idan kun yi baƙunci a gidan Bahaushe, da safe za ku ji an ce, "Ku zo mu karya." Ana nufin ku zo a ci abincin safe. Cikakken sunan wannan abinci shi ne karin kumallo, wasu kuma suna cewa kalaci. Kumallo wani ɗaci ne mai haɗe da tashin zuciya, wanda yakan taso wa mutum da safe idan babu komai a cikinsa. In ya sa wani abu a baki, sai a ce ya karya kumallo.

A yau ana yawan muhawara a kan wannan abinci, musamman tsakanin masu son rage ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Irin wannan ƙiba tana iya jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya da ciwon gwiwa. Saboda haka mutane suke neman hanyar rage ta. Wasu suna cewa, "Ka daina karyawa, za ka rame." Wasu kuma suna cewa, "Wanda ba ya karyawa ƙara ƙiba yake yi." Wace magana ce gaskiya? Kafin ku amsa, ya kamata ku san yadda jiki yake amfani da abinci.

Jiki da rumbunsa

Abinci shi ne yake ba jiki kuzari. Da wannan kuzari zuciya take bugawa, da shi kuke numfashi, da shi kuke tafiya da tunani. Ana auna kuzarin da ke cikin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Giram ɗaya na sukari ko na sitaci yana da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, shi ma yana da kalori 4. Amma giram ɗaya na mai yana da kalori 9. Babbar mace tana bukatar kimanin kalori 2,000 a rana, babban namiji kuma kimanin 2,500. Mai aikin ƙarfi ya fi mai zama a ofis bukata.

Ku ɗauki jiki kamar gidan manomi. Manomi yana da rumbu, wato ɗakin da yake ajiye hatsi. Idan abin da ya kawo daga gona ya fi abin da iyalinsa suke ci, sai rumbu ya cika. Idan kuma abin da suke ci ya fi abin da yake kawowa, sai rumbu ya ragu. Kitse shi ne rumbun jiki. Duk kuzarin da ya shiga jiki ba a yi aiki da shi ba, jiki yakan mayar da shi kitse ya ajiye. Idan abinci ya kasa, sai jiki ya ɗebo daga ajiyarsa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Wannan ya sa ƙiba ba ta zuwa a rana ɗaya, ba ta kuma tafiya a rana ɗaya.

Jiki yana da wata ƙaramar ajiya a cikin hanta. Hanta tana riƙe sukari kimanin giram 100. Da dare, lokacin da kuke barci, tana sakin wannan sukari kaɗan-kaɗan cikin jini, domin ƙwaƙwalwa ba ta daina aiki. Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki yake ƙonawa a lokacin hutu. Kafin gari ya waye, ajiyar hanta ta ragu sosai. Karin kumallo ne yake mayar da abin da ya ragu.

Abin da aka daɗe ana faɗa

Shekaru da yawa masu bincike suna tambayar mutane yadda suke cin abinci, sannan su auna nauyinsu. Sau da yawa sun ga cewa masu karyawa kullum ba su kai marasa karyawa ƙiba ba. Daga nan aka ɗauka cewa karin kumallo yana hana ƙiba.

Amma ku lura da wani abu. Zakara yana cara, sannan gari ya waye. Wannan bai nuna cewa carar ce ta kawo safiya ba. Haka nan, mai karyawa kullum sau da yawa mutum ne mai tsari. Yana kwanciya da wuri, yana motsa jiki, ba ya shan taba. Mai yiwuwa waɗannan halaye ne suke hana shi ƙiba. Kuma wani mai ƙiba ya daina karyawa ne domin yana son ya rame. A nan ƙiba ce ta jawo rashin karyawa.

Abin da gwaji ya nuna

Domin a gano gaskiya, sai masana suka koma yin gwaji. Sukan tara mutane, su raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya riƙa karyawa, ɗayan kuma ya bari. Bayan wasu makonni sai a auna kowa.

A shekarar 2014 an wallafa sakamakon wani gwaji da masanan Jami'ar Alabama ta Amurka suka jagoranta. Mutum 309 masu ƙiba ne suka shiga, aka yi mako 16 ana gwajin. A ƙarshe ba a ga wani bambancin kirki ba tsakanin nauyin waɗanda aka ce su karya da na waɗanda aka ce kada su karya.

A wannan shekarar kuma masanan Jami'ar Bath ta Ingila suka bayyana nasu gwajin. Sun yi aiki da mutum 33 marasa ƙiba har mako 6. Wasu suna karyawa, wasu kuma ba sa cin komai sai rana ta take. Kuzarin da jiki yake ƙonawa a lokacin hutu bai canza ba a rukunin biyu. Sai dai masu karyawa sun fi cin abinci a yini, sun kuma fi motsa jiki. Abin da suka ƙara a ci, sun ƙone mafi yawansa a motsi.

A shekarar 2019, masanan Jami'ar Monash ta Ostareliya suka tattara gwaje-gwaje 13 suka duba su tare. Sun gano cewa masu karyawa suna cin kimanin kalori 260 a rana fiye da marasa karyawa. Marasa karyawa kuma sun fi su rashin nauyi, amma da ƙasa da rabin kilo kawai. Masanan sun yi gargaɗi cewa yawancin gwaje-gwajen na ɗan gajeren lokaci ne, kuma wasu ba su da inganci sosai.

A shekarar 2022 kuma, Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya ta yi gwaji da mutum 30. An ba su abinci mai kalori daidai wa daida. Mako huɗu suna cin mafi yawansa da safe, wani mako huɗun kuma da yamma. Nauyin da suka rage ɗaya ne ta kowace hanya. Amma a makonnin da suka ci da yawa da safe, ba su ji yunwa sosai ba a cikin yini.

Idan kun haɗa waɗannan duka, za ku ga abu ɗaya. Rumbu ba ya duba agogo. Abin da yake cika shi ko ya rage shi shi ne jimillar abin da ya shiga da jimillar abin da ya fita, yau da gobe. Barin karin kumallo zai rage nauyin mutum kaɗan idan ya sa abincinsa na yini ya ragu. Idan bai ragu ba, babu abin da zai canza.

An gudu ba a tsira ba

Ku ɗauki misalin mutumin da ya fita aiki bai karya ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta kama shi. Abin da ke kusa shi ne fanke da cincin da lemon kwalba. Fanke da cincin soyayyu ne, kuma cokali ɗaya babba na mai yana da kimanin kalori 120. Ƙaramar kwalbar lemo tana da sukari kusan ƙaramin cokali 9, wato kimanin kalori 150. Da dare kuma ya zauna ya cika ciki da tuwo ko sakwara, ya kwanta. Wannan mutum ya bar koko da ƙosai, amma abin da ya ci daga baya ya fi su kalori. Hausawa suna cewa an gudu ba a tsira ba.

Ku yi wannan lissafi da kanku. Kwalbar lemo ɗaya kullum har kwana 30 ta ba da kalori 4,500. Wannan ya fi rabin abin da ke cikin kilo ɗaya na kitse. Saboda haka mai son rage ƙiba zai fi samun riba idan ya bar lemon ya riƙe karin kumallonsa.

Akwai wani darasi a watan azumi. Bincike ya nuna cewa mutane da yawa sukan rage kimanin kilo ɗaya a watan Ramalan, amma nauyin yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Canjin da ba a ɗore a kansa ba, amfaninsa ma ba ya ɗorewa.

Ku kuma fa, ɗalibai?

Dukan gwaje-gwajen da kuka karanta a sama, a kan manya aka yi su. Ku kuwa kuna cikin shekarun girma. Ƙasusuwanku suna tsawo, jininku yana ƙaruwa, jikinku yana ginuwa. Nauyin da kuke ƙarawa a wannan lokaci, yawancinsa na girma ne. Kada ku hana kanku abinci domin wani ya yi muku ba'a, ko domin hoton da kuka gani a waya. Idan nauyinku yana damun ku, ku gaya wa iyayenku, a je a ga likita ko ma'aikacin lafiya. Su ne suke da ma'aunin da ya dace da shekarunku.

Kuma aikinku na safe aikin ƙwaƙwalwa ne. Ɗalibin da yake jin yunwa yakan yi hamma, hankalinsa ya rabu, ya kasa bin abin da malami yake faɗa. Hausawa suna cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da yaran firamare a shekarar 2016.

Akwai kuma mutanen da barin abinci yake da haɗari a gare su. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko yake yin allura, sukarin jininsa yana iya faɗuwa har ya suma. Mace mai ciki da mai shayarwa suna ci ne domin mutum biyu. Waɗannan kada su canza lokacin cin abincinsu sai da shawarar likita.

Me ya kamata a karya da shi?

Abin da kuka ci da safe ya fi muhimmanci a kan lokacin da kuka ci shi. Abinci mai furotin da mai dusa sun fi daɗewa a ciki, sun fi riƙe mutum. Wake da ƙwai da gyaɗa da kifi da nono duk suna da furotin. Koko da ƙosai, waɗanda Yarbawa suke kira ogi da akara, haɗi ne mai kyau, domin an haɗa hatsi da wake. Alale ya fi ƙosai ƙarancin mai, tun da dafa shi ake yi. Kunun gyaɗa, dafaffiyar doya da ƙwai, da ɗumamen tuwo da miyar ganye, duk suna riƙe ciki. In an samu ayaba ko gwanda ko lemon zaƙi, a haɗa da su.

Ku kula da sukari. Ƙaramin cokali ɗaya yana da kalori 16. Wanda ya zuba cokali huɗu a shayi ko a koko ya sha kalori 64, kuma ba za su hana shi jin yunwa ba.

Sauran abubuwan da suke taimakawa sanannu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Tafiya makaranta da ƙafa, ƙwallo, ɗiban ruwa da shara duk motsa jiki ne. Ku yi barci na awa 8 zuwa 10, domin ƙarancin barci yana ƙara jin yunwa. Ku sha ruwa maimakon lemon kwalba.

Babban mutum mai lafiya wanda ba ya jin yunwa da safe yana iya jinkirta cin abinci, in dai zai kula da abin da zai ci daga baya. Wanda kuma yake karyawa ba ya bukatar ya daina domin ya rage ƙiba. Amma ku da kuke da aji a gabanku, ku karya kafin ku fita.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar kumallo?
2. Ta yaya kitsen jiki ya yi kama da rumbun manomi?
3. Me misalin zakara da wayewar gari yake koya mana?
4. Me masanan Jami'ar Monash suka gano a shekarar 2019?
5. Su wane ne bai kamata su bar karin kumallo ba? Ku kawo dalili.
6. Ku rubuta jimla biyar a kan abin da ake karyawa da shi a garinku.