Gangar da ba a taɓa gani ba: yadda aka binne gwani da ransa ana dariya

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san mutumin nan da ake nema in an sayo kaya ana shakkarsu. Shi ne zai murza shadda tsakanin yatsu ya ce wannan ta ainihi ce, waccan jabu. Ko kuwa Hajiyar nan da za ta shinshina turare sau ɗaya ta faɗi inda aka haɗa shi. Irin waɗannan mutane akwai amfani gare su, amma suna da lago guda: ba su jure a ce wani ya fi su ido. Yau mun ɗauko muku wani tsohon labari daga Amurka wanda aka gina kacokan bisa wannan lago. Labari ne da ke sa mutum dariya, sa'annan ya koma yana jin kunyar dariyar da ya yi.

Mai labarin shi ne Edgar Allan Poe, wanda aka haifa a Boston a 1809, ya rasu a Baltimore a 1849 yana da shekara 40, cikin talauci. Labarin ya fito a watan Nuwamba na 1846 cikin wata mujalla ta birnin Filadelfiya mai suna Godey's Lady's Book. Mujallar matan gida ce, cike da hotunan ɗinkin yayi, amma a tsakiyarta aka saka wannan labarin kisan kai. Mawaƙin Faransa Charles Baudelaire ya mai da shi Faransanci, ya fito cikin littafi a 1857 da sunan La Barrique d'amontillado, saboda haka yaranmu da suka yi karatun boko suna iya nemo shi su karanta mana. Gajere ne, ba ya kai a gama dafa shayi na uku.

Abin ya faru a Italiya. Wanda ke ba da labarin da bakinsa shi ne mai kisan, Montresor, ɗan wani tsohon gida da arziki ya juya wa baya. Ya ce wani mai suna Fortunato ya sha cutarsa yana haƙuri, har ranar da ya ci mutuncinsa. Wane cin mutunci ne? Har labarin ya ƙare bai faɗa ba. Ya dai shimfiɗa sharuɗɗan ramuwarsa kamar mai ƙulla ciniki: ya rama ba tare da an kama shi ba, kuma wanda aka rama wa ya san daga hannun wa abin ya fito. Daga nan ya ci gaba da yi masa fara'a, ta ciki na ciki.

Gatsen ya soma tun daga suna. Fortunato a harshen Italiya yana nufin mai sa'a. Sun haɗu da almuru lokacin bikin karnabal, sa'adda gari duka ke cikin shagali da ɓad da kama, kuma mai sa'ar tamu ya sha ya yi tatul, yana sanye da tufafin wawan sarki, da hula mai ƙananan ƙararrawa. Wato da kansa ya sa rigar da ta dace da abin da za a mai da shi.

To, ga tarkon, kuma a nan ne ƴan kasuwa za su gyara zama. Montresor bai gayyace shi gida ba. Kukan ciniki ya kai masa: wai ya sayi ganga guda ta Amontillado, wata giya mai tsada ta ƙasar Sipaniya, ya biya kuɗinta cif ba tare da ya nemi shawarar gwani ba don tsoron kada garaɓasar ta wuce shi, yanzu kuwa yana shakkar ko an sayar masa da jabu. Sai ya ƙara da cewa tunda Fortunato na da hidima, bari ya tafi wajen wani Luchesi ya ɗanɗana masa. Shi ke nan! Jin sunan kishiya, sai Fortunato ya kama hannunsa yana jan shi zuwa rumbun. Giya dai mun san matsayinta a addininmu, ba tallarta muke ba. Ku cire giyar ku sa zinariya ko atamfa a gurbinta, tarkon bai canza ba. Har ma Poe ya ɓoye wata ba'a a nan: Fortunato ya kushe Luchesi da cewa bai iya bambanta Amontillado da sheri ba, alhali Amontillado ita kanta nau'in sheri ce. Kamar mutum ne ya bugi ƙirji ya ce wane bai san bambancin galila da shadda ba.

Da suka isa gida babu kowa. Montresor ya riga ya gaya wa barorinsa cewa ba zai dawo ba sai da safe, ya kuma gargaɗe su kada wanda ya fita ko ƙofa. Ya san wannan gargaɗin kaɗai ya isa ya sa su watse zuwa biki da ya juya baya. Duk mai yaran shago ya gane wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Rumbun giyar yana ƙarƙashin ƙasa, kuma nan ne kushewar kakannin gidan, ƙasusuwa jibge a gefen hanya, bango na tsattsafo da wani farin gishiri mai kama da kanwa. Fortunato na fama da tari. Daga nan har ƙarshe kusan duk maganar Montresor mai harshen damo ce. Sau da yawa yana roƙonsa su koma don lafiyarsa, yana tuna masa shi mai arziki ne, mutum ne da za a yi kewarsa, kuma ai ga Luchesi nan. Duk roƙo ɗaya ƙara tura shi gaba yake. Fortunato ya ce tari ba zai kashe shi ba, Montresor ya amsa masa da cewa gaskiya ne. Kuma gaskiyar ce. Da suka tsaya kurɓa, Fortunato ya sha don girmama matattun da ke kwance kewaye da su, shi kuwa Montresor ya sha yana yi masa fatan tsawon rai.

Bai ma ɓoye masa komai ba. Ya kwatanta masa tambarin gidansu: ƙafar mutum ta zinariya tana take maciji, macijin kuma ya kafa haƙoransa a diddigen, da kirari cikin Latin mai nufin ba a taɓa su a kwana lafiya. Fortunato ya yaba. Can gaba ya yi wata alama da hannu irin ta ƙungiyar asirin nan ta Turawa da sunanta ke nufin magina, ya tambayi Montresor ko shi ma ɗan ciki ne. Montresor ya ce ƙwarai, ya zaro cokalin gini daga cikin alkyabbarsa ya nuna masa. An nuna wa mutum makamin da za a kashe shi da shi, ya ɗauka raha ce.

A ƙuryar ƙarshe akwai wani ɗan lungu, zurfinsa ya ɗan ɗara mita guda, faɗinsa bai cika mita ba. Aka ce masa gangar na ciki. Yana shiga aka zagaya masa sarƙa a ƙugu aka danna kwaɗo. Montresor ya tone duwatsu da kwaɓin da ya ɓoye ƙarƙashin ƙasusuwa, ya fara jera bango a bakin lungun. Tun a jeri na farko maye ya saki Fortunato. Da ya soma jijjiga sarƙa, maginin ya aje aiki ya zauna bisa ƙasusuwa don ya saurara da kyau. Da ya yi kururuwa, shi ma ya taya shi har ya fi shi ƙarfin murya. A jeri na 11, saura dutse guda, sai aka ji wata dariyar yaƙe daga ciki: Fortunato na cewa wasan ya yi kyau, za su yi dariyarsa in sun koma gida, matarsa na jira. Ya haɗa shi da Allah. Montresor ya maimaita masa kalmominsa. Daga nan shiru, sai ƙarar ƴan ƙararrawan hula.

Mu a ganinmu, a wannan wurin ne Poe ya kama mai karatu da hannu dumu-dumu. Tun daga farko muna gefen mai kisan, mun san abin da wawan bai sani ba, muna murmushi tare da shi a kan kowane gatse. Sai da dariya ta fito daga bakin wanda ake binnewa muka lura da wanda muke taya dariya, kuma har yanzu ba a gaya mana laifin mutumin ba.

Masana da dama na danganta labarin da rigimar Poe da wani marubuci, Thomas Dunn English, wanda ya zage shi a jarida, ya kuma yi masa zambo cikin wani labari a matsayin mashayi. Poe ya kai jaridar ƙara a Niyok a 1846, ya ci shari'a a 1847 aka ba shi diyyar dala 225, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Kuma sa'adda yake rubuta ba'ar nan ta tari, matarsa Virginia na kwance da tarin fuka, wanda ya yi ajalinta a Janairun 1847, wata biyu bayan fitowar labarin.

Montresor ya ce da ya ji ƙararrawar zuciyarsa ta tashi, amma nan take ya ɗora laifin a kan danshin rumbu. Wasu na ganin nadama ce ta kuɓuce masa, har suna cewa a gadon mutuwa yake ba limamin coci labarin. Mu dai ba mu ji muryar mai tuba ba. Mun ji ta tsoho mai alfahari da aikin hannunsa, wanda bayan shekara 50 yana tune da adadin jerin duwatsu da kowace amsa da ya mayar. Ya saka dutsen ƙarshe, ya shafe, ya mai da ƙasusuwan a gaban sabon bangon, ya ce tsawon rabin ƙarni ba wanda ya taɓa su. Sa'annan ya rufe labarin da yi wa mamacin addu'ar samun hutu, cikin Latin, irin wadda ake rubutawa bisa kabari.