Shanyewar ɓarin jiki: Abin da sa'o'in farko ke yankewa tsakanin Kuru da Lamingo

Daga Kuru, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo tafiyar kimanin sa'a guda ce a mota, idan an bi ta Bukuru kuma hanya ba ta cushe ba. Ga mai lafiya wannan ba wata tafiya ba ce. Amma ga mutumin da bakinsa ya karkace da asuba, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, harshensa kuma ya yi nauyi, sa'ar nan ta cinye kusan rubu'in lokacin da likitoci ke da shi na buɗe jijiyar da ta toshe a ƙwaƙwalwarsa. Sauran lokacin yakan salwanta tun a gida, wajen shawara da jiran gari ya waye da neman kuɗin mota.

Larurar da ake kira shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma su ce bugun jini, a hannu da ƙafa da fuska take bayyana, amma tushenta yana cikin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin baligi ba, sai dai tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da rumbun ajiya. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke shayar da ita, biyu ta gaban wuya, biyu ta bayansa. Da zarar jini ya yanke wa wani sashe nata, ƙwayoyin halittar wurin sukan fara mutuwa cikin 'yan mintuna. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Da yake sashen dama na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hagun jiki, na hagu kuma ke sarrafa dama tare da magana a wajen akasarin mutane, likita kan iya hasashen inda ɓarnar take tun daga kallon majiyyaci.

Abin da kallo ba ya iya bayyanawa shi ne irin ɓarnar. Hanyoyi biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa. A waje, alamun kusan iri ɗaya ne. A wajen magani kuwa hannun riga suke: abin da ke ceton wanda jijiyarsa ta toshe, wato tsinka jini, shi ne zai iya ƙarasa wanda tasa ta fashe.

Wannan batu ya fi nauyi a Afirka ta Yamma. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa, ya duba majiyyata fiye da 2,000. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 kuma fashewa. A Turai da Amurka fashewa ba ta cika wuce kashi 15 ba. Ke nan a nan, cikin kowane majiyyata uku ana iya samun ɗaya da jini ke zuba a kansa. Mai kantin magani da ya miƙa asfirin don taimako, ko maƙwabcin da ya kawo nasa daga gida saboda ya ji ana cewa yana tsinka jini, caca yake yi da ran mutum ba tare da ya sani ba.

Alamun ba su da wuyar ganewa, kuma abin lura a cikinsu shi ne zuwansu farat ɗaya. A ce wa mutum ya yi murmushi, a ga ko gefe ɗaya na bakinsa ya zube. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a ga ko ɗaya na sulalewa ƙasa. A sa shi ya faɗi sunansa da na garinsu, a ji ko maganar ta sarƙe ko ta fita ba ma'ana. Akwai kuma ɗaukewar gani, da jiri mai hana tsayuwa, da matsanancin ciwon kai. Wani lokaci alamun kan zo su wuce cikin mintuna, mutum ya miƙe garau, iyali su yi hamdala a bar zancen. Likitoci na ɗaukar wannan a matsayin gargaɗi, domin haɗarin babban bugu ya fi yawa a 'yan kwanakin da ke biye.

Saboda larurar takan sauka ba sallama, sau da yawa cikin dare ko a banɗaki, mutane da dama sukan danganta ta da shafar iska ko jifa. Daga nan sai a fara nufar wajen malam ko gidan addu'a ko mai maganin gargajiya. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ke da haɗari shi ne ɗura. Kusan rabin waɗanda larurar ta kama sukan samu matsalar haɗiya a kwanakin farko, don haka ruwa ko kunu ko jiƙo ko rubutun da aka ɗura musu na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya haifar da ciwon da ke kashe majiyyata da yawa waɗanda bugun kansa bai kashe ba.

Abin da ake buƙata daga iyali kaɗan ne. Su riƙe lokacin da aka yi wa mutumin ganin ƙarshe yana lafiya, domin daga nan likita zai fara lissafi. Wanda ya farka da larurar, lissafinsa daga lokacin kwanciyarsa yake farawa. Su kwantar da shi a gefe ɗaya, su sassauta masa tufafi, su kwashi duk magungunan da yake sha, su nufi babban asibitin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye maimakon bi ta ƙananan wurare ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a yi gaggawar faɗo da hawan jinin da ƙwayoyi a gida. A sa'o'in farko na toshewa, jiki kan ɗaga ƙarfin jinin ne don ya tura shi zuwa sashen da ke cikin ƙishirwa, kuma sauke shi da ƙarfi na iya faɗaɗa ɓarnar.

A asibiti, gwajin farko na ɗigon jini ne daga yatsa, saboda faɗuwar suga kan kwaikwayi shanyewar jiki, kuma ana gyara ta nan take. Daga nan sai hoto. Na'urar CT, wadda injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, tana nuna sabon jinin da ya zuba fari fat tun daga farko. Toshewa kuwa takan ɗauki sa'o'i kafin ta fito sarai. Shi ya sa iyalin da aka ce musu hoton bai nuna komai ba kan yi zaton kuɗinsu ya tafi a banza, alhali hoton ya amsa babbar tambayar: babu jini, ana iya ba da maganin toshewa. Na'urar MRI ta fi gano ƙananan raunuka da wuri, sai dai ta fi tsada kuma ta fi ɗaukar lokaci. Idan ana son ganin jijiyoyin kansu, ana ɗura wani ruwa mai haska su a hoto. Ana kuma duba zuciya, domin bugun da ya rikice, ko ƙofar zuciyar da ta lalace, ko raunin zuciya bayan haihuwa wanda likitocin Zariya da Kano suka daɗe da saninsa, duk suna iya haɗa gudan jini ya taso ya maƙale a ƙwaƙwalwa.

Idan toshewa ce kuma majiyyaci ya iso cikin sa'o'i huɗu da rabi, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin. An amince da ita a Amurka a 1996 da iyakar sa'o'i uku, aka faɗaɗa wa'adin bayan wani binciken Turai na 2008. Tun daga 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa cikin kai a zaro gudan, aikin da ake yi cikin sa'o'i shida, ko har 24 ga wasu zaɓaɓɓun majiyyata. A Najeriya hanyoyin biyu ba su wadata ba: tsada ce, ƙwararrun kaɗan ne, kuma akasarin majiyyata sukan iso bayan wa'adi ya wuce.

Wannan ba dalilin zama a gida ba ne. An daɗe da tabbatar da cewa kulawar sashe na musamman, inda ma'aikatan jinya suka san larurar, tana rage mutuwa da naƙasa ko da babu allurar. A nan ake gwada haɗiya kafin a ba da abinci, a sa bututun ciyarwa ta hanci idan ta kama, a riƙa juya majiyyaci don kada gyambon kwanciya ya fito, a sauke zazzaɓi, a daidaita suga, a fara asfirin bayan hoto ya wanke shi, sannan a tashe shi zaune da zarar ya samu natsuwa.

Idan fashewa ce, ana sauke hawan jini a hankali da magani ta jijiya, a dakatar da duk abin da ke tsinka jini, wani lokaci kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya kwashe jinin ko ya zuƙe ruwan da ya taru. Akwai wani nau'i da ke tasowa daga ƙullutun da jijiya ke yi a inda bangonta ya yi rauni, kamar kumburin tsohuwar tayar keke. Ranar da ya fashe, mutum kan ji ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba, cikin daƙiƙoƙi, tare da amai da sanƙarewar wuya, abin da kan sa a ɗauka sanƙarau ne. Ana datse wuyan ƙullutun da ɗan maƙalin ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a 1937, ko a cusa masa lallausar waya ta cikin jijiya, dabarar da ta fito a farkon shekarun 1990. Dole a yi da wuri, domin fashewa ta biyu ta fi ta farko muni.

Yara ma ba su tsira ba. Cikin masu amosanin jini, wato sikila, kusan ɗaya cikin goma kan gamu da bugun kafin ya kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Wata ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a gefen kai tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da allura ba. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. A ƙasashe masu hali, ƙarin jini duk wata ake yi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a Kano, kuma sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo ma yana ba da kariya kwatankwacin matsakaici. Iyayen mai sikila na da haƙƙin tambayar wannan gwaji tun yaro yana da shekara biyu.

Ga manya, binciken SIREN ya ɗora alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na larurar a kan hawan jini, kuma matsakaicin shekarun majiyyatan 59 ne, wato mutane masu iyali a wuyansu. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutane ke ajiye ƙwayoyinsu da zarar sun ji daidai. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama yana buƙatar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5, ƙasa da cokalin shayi guda, kuma wanda ke cikin dunƙulen miya yana cikin lissafin. Sanyi ma kan ɗaga ƙarfin jini, abin da ya kamata mazauna tsaunin Filato su tuna a lokacin hunturu. Binciken ya kuma gano cewa masu cin ganye kullum sun fi samun kariya. A wannan fanni yankin Kuru da Vom ya yi dace, tunda kabejin da latas da alayyahon da ake lodawa zuwa sauran jihohi a bakin tsoffin kududdufan kuza ake noma su. Saura dai su riƙa shiga tukunyar manomin kafin su hau mota.

Kuɗin hoto, wanda akasari daga aljihu ake biya, na cikin abubuwan da ke tsayar da iyalai a bakin ƙofar ɗakin na'ura. Abin lura, a Kuru ne Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa take tun 1979, kuma mahalarta kwas ɗinta na manyan jami'ai na 2019 a kan samar da kuɗin kiwon lafiya ga kowa suka yi nazarinsu. A 2022 aka sanya hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya, Jihar Filato kuma tana da tata hukumar, PLASCHEMA. Mai fama da hawan jini zai yi wa kansa gata idan ya yi rajista, ya kuma tambayi abin da katinsa ya ƙunsa tun yana kan ƙafafunsa.

Bayan sallama, mafi yawan ƙarfin da zai dawo yakan dawo ne a watanni uku zuwa shida na farko, kuma ya dogara da motsa gaɓoɓi a kullum bisa koyarwar likitan gashi. Kada a riƙa jan majiyyaci ta hannun da ya shanye wajen tashinsa, kafaɗar na iya gocewa. Yawan kuka ko shiru ko ƙin abinci na iya zama ciwon damuwa, wanda ya zama ruwan dare bayan bugun kuma yana da magani. Ƙwayoyin hawan jini da na rage kitse da na tsinka jini ga wanda aka rubuta wa, ba a dakatar da su don an ga mutum ya koma gona ko ofis, sai da izinin likitan da ke duba shi.