Wanzamin Teku: Ɗan Kifin Da Sana'arsa Amana Ce

Mu da muka tashi muna ganin carki a kan bayan saniya yana tsince mata kaska, ba za mu sha wahalar fahimtar wannan labari ba. A ƙarƙashin teku ma akwai mai irin wannan sana'a. Ɗan ƙaramin kifi ne, jikinsa shuɗi da fari, da baƙin layi daga baki har wutsiya. Masana na kiransa Labroides dimidiatus, ɗaya daga dangin kifayen ras masu launi kala-kala. Yana zaune ne a duwatsun murjani na ruwa mai ɗumi, daga Bahar Maliya zuwa Tekun Indiya da Fasifik.

Kamar wanzami, yana da wurin zamansa da kowa ya sani. Manyan kifaye, har da masu cin 'yan'uwansu, sukan zo su jira. Idan layi ya zo kan ɗaya, sai ya tsaya cik, ya wangame baki, ɗan kifin ya shiga ya cinye ƙwarin da ke shan jininsa, ya fito lafiya lau. Alexandra Grutter, wadda ta yi bincike a tsibirin Lizard na Ostireliya, ta gano cewa guda ɗaya kan ci ƙwari kusan 1,200 a rana.

Sai dai wanzamin yana da kwaɗayi. Ya fi son yauƙin da ke kare fatar kifi a kan ƙwarin, don haka wani lokaci yakan yi cizon ha'inci. Wanda aka ciza sai ya zabura ya gudu, ko ya bi shi da kora. Bincike ya nuna cewa idan wasu kifaye na kallo, yakan rage ha'incin, domin su ma suna guje wa wanda suka ga ya cuci wani.

A shekarar 2019, Masanori Kohda da abokan aikinsa a Osaka ta Japan sun ɗiga wa kifin tabo a maƙogwaro, suka ajiye masa madubi. Da ya duba, sai ya riƙa goge maƙogwaronsa a ƙasa. Har yau masana na muhawara ko hakan na nufin ya gane kansa ne.

Me zai faru idan babu shi? A tsibirin Lizard, da aka kwashe waɗannan kifaye daga wasu duwatsu na tsawon shekaru, sauran kifayen sun ragu, wasu kuma ba su girma sosai ba. Ga shi ana kama su ana sayarwa don adon gidaje, ɗumamar ruwa kuma tana kashe murjani, kamar yadda ta yi a gabar Ostireliya a 2016 da 2017. Idan wanzamin ya rasa wurin zama, duk masu bin layinsa za su ji a jikinsu.