FASHIN BAƘI: Yaushe doka ta yarda Najeriya ta miƙa mutum ga wata ƙasa?

A kasuwar 'yan canji ta Wapa da ke Fagge, kuɗi na ratsa iyakokin ƙasashe kullum. A Sabon Gari kuwa, 'yan kasuwa da dama na da abokan hulɗa daga Kwatano har Dubai. Idan wata ƙasa ta zargi ɗaya daga cikinsu da laifi, ko gwamnati na da ikon kama shi ta miƙa mata?

Tana da ikon, amma bisa sharuɗɗa. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana korar ɗan ƙasa, sai dai ya amince a kai shi wata ƙasa domin shari'a idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Wadda ake aiki da ita tsakanin Najeriya da Amurka gadon mulkin mallaka ce, domin Birtaniya ta ƙulla ta a 1931. ECOWAS ma ta sanya hannu kan tata a Abuja a 1994, kodayake ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta jefa ayar tambaya kan haɗin kan maƙwabtan biyu.

Bisa dokar miƙa waɗanda ake nema ta 1966, buƙatar na zuwa ne ga Antoni Janar na Tarayya, shi kuma ya gabatar da ita gaban Babbar Kotun Tarayya. Ba a miƙa mutum kan laifin siyasa, ko idan za a hukunta shi ne saboda ƙabila, addini ko ra'ayinsa, ko idan yana fuskantar wata shari'a a gida. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya sa Mai Shari'a Inyang Ekwo ya yi watsi da buƙatar miƙa Abba Kyari ga Amurka a Agustan 2022, ganin cewa NDLEA ta riga ta gurfanar da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da gwamnati ta tsallake kotu. A Yulin 1984, jami'an kwastam suka gano Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, ana shirin kawo shi Legas. A Janairun 2018, an kama jagoran 'yan awaren Kamaru, Julius Ayuk Tabe, da abokansa a Abuja, aka miƙa su ba tare da umarnin kotu ba, matakin da kotu ta ce ya saɓa wa doka a 2019. Duk da haka, kotun sojin Yawunde ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai a shekarar.

Haka aka ɗauko Nnamdi Kanu daga Kenya a Yunin 2021. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tuhumar da ake masa saboda hakan a 2022, amma Kotun Ƙoli, duk da ta yi tir da yadda aka kawo shi, ta ce a ci gaba da shari'a a Disambar 2023.

Yarjejeniyoyin na hana masu laifi samun mafaka. Amma idan hukuma ta saba da bin ɓarauniyar hanya kan wanda jama'a suka tsana, hanyar na nan a buɗe ranar da ta nemi ɗan canji, ɗan jarida ko ɗan adawa, kuma hukuncin da ya zo bayan jirgi ya tashi ihu ne bayan hari.