Ɗan Jirgi da Babban Kifi: Masuntan Kayak na Puget Sound

Kafin alfijir ya keto a watan Yuli, akan ga fitilu suna kai-komo a bakin ruwa, a wani ɗan tsinin ƙasa da ake kira Point No Point, cikin jihar Washinton da ke kusurwar arewa maso yammacin Amurka. Masunta ne, amma babu mai koma, babu mai taru. Kowa ya sauke ɗan jirginsa daga saman mota, jirgin roba mai tsawon kamar mita 4 wanda mutum ɗaya kan ja a kan yashi, ya kafa sandar fatsarsa, ya ɗaura rigar hana nutsewa, ya tura cikin duhu. Wannan ɗan jirgi shi ne kayak. Ruwan kuwa Puget Sound ne, wani reshe na tekun Fasifik da ya kutsa cikin tudu har ya wuce birnin Seattle. Abin da suka yi sammako dominsa shi ne kifin salmon, musamman babbansu, Chinook, wanda mutanen wurin ke yi wa laƙabi da sarki.

Kayak ba ƙirar Bature ba ce. Mutanen Inuit da Yupik da Unangan, mazauna yankunan ƙanƙara na arewacin duniya, su suka ƙera shi tun dubban shekaru da suka wuce. Itacen da teku ta watso gaɓa suke haɗawa su yi masa ƙashi, su lulluɓe shi da fatar dabbar ruwa, su bar ƙofa ɗaya tal inda mafarauci zai zura ƙafafunsa. Daga bakinsu ma sunan ya fito. Na yau da roba ake zuba shi, yawancin na masunta kuma a samansa ake zama ba a ciki ba, da ƴan ramuka da ruwa ke tsiyayewa in igiya ta watso. Tun 1997 da kamfanin Hobie ya fito da irin wanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, masunta suka rungume shi, don hannun da ke riƙe da filafili ba ya riƙe fatsa.

Me zai sa mutum ya bar jirgi mai inji ya shiga wannan? Akwai maganar kuɗi, don jirgin inji da tirelarsa da mansa ba na kowa ba ne. Amma waɗanda suka saba sun fi kawo maganar shiru da kusanci. Mai kayak yana zaune ne daf da fuskar ruwa, in ya miƙa hannu sai ya taɓa shi. Yana ganin inda ƙananan kifaye ke tafasa a sama, yana jin kukan tsuntsayen da ke binsu, yana jin jan ruwa a ƙugunsa kafin idonsa ya gani. Duk wanda ya taɓa kallon masunci kwance a kan gora ya san bambancin wanda ke kan ruwa da wanda ke cikin sha'anin ruwa.

Dabarun kamun ba su da yawa. Wasu sukan saki igiya su yi ta tuƙi a hankali, kamar tafiyar mai ƙafa, suna jan wani faranti mai walƙiya da ɗan kifin roba a bayansa. Wasu sukan jefa ƙarfe mai siffar kifi har ƙasa, su riƙa ɗagawa suna saki. Akwai kuma tsohuwar dabarar da ake dangantawa da masunta ƴan asalin Japan da suka zauna a Seattle a farkon ƙarni na 20: a yanke kan ƙaramin kifin herin a karkace, a soke shi da ƙugiya biyu, a sa masa dalma, a bar shi yana juyawa a ruwa kamar mai rauni. Wannan ta fi dacewa da ɗan jirgi, don ba ta buƙatar komai sai haƙuri da sanin lokacin da teku ke cikowa da lokacin da take janyewa. Chinook a zurfi yake kiwo, sau da yawa kusa da ƙasa. Ɗan'uwansa coho ya fi son sama, in ya ji ƙugiya kuma sai tsalle. In babban Chinook ya kama, ba masunci ke jan kifi ba, kifi ke jan masunci da jirginsa baki ɗaya, har sai ɗayansu ya gaji. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa ya kai kilo 44, a kogin Kenai na Alaska, a 1985. Yau a Puget Sound wanda ya samu mai kilo 9 ya yi abin ba da labari.

A nan dole a tsaya a kan maganar sanyi, don ita ce ke raba wannan sana'a da wasa. Ruwan Puget Sound yakan tsaya ne tsakanin digiri 7 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina. Rana na iya ƙwallewa a sama, mutum yana gumi, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa yana nan da sanyinsa mai kisa. Wani masani ɗan Kanada, Gordon Giesbrecht, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, ya taƙaita abin da lamba uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwacewa, mutum ya yi ta haki ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin sai ya shaƙa. Daga nan yana da kamar minti 10 kafin yatsu da hannuwa su daina yi masa biyayya. Sai kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankalinsa, in har akwai abin da ke riƙe da shi a sama. Ke nan gwanin iyo ma ba ya tsira da iyonsa. Shi ya sa masu hankali a cikin masuntan ba sa fita sai da rigar hana nutsewa a ɗaure a jiki, ba a ajiye a baya ba, da wata rigar da ke rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa ba ta barin ruwa ya shiga, da ƴar rediyon kiran agaji, da abokin tafiya. Sukan kuma kifar da jirginsu da gangan a wuri marar zurfi, su koyi hawa, tun kafin ranar da za a kifar da su ba shiri. Ga hazo, ga manyan jiragen dakon kaya da ke bi ta gaban Point No Point zuwa tashoshin Seattle da Tacoma, waɗanda ba sa ganin ɗan kayak, ko sun gan shi ma ba sa iya tsayawa.

To amma duk wannan shiri na mutum ne. Abin da ya fi damuna shi ne kifin.

Salmon ba a teku ake haifarsa ba. Uwarsa takan haura kogi har can cikin duwatsu, ta tona rami a cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai ta binne. Ɗan da ya ƙyanƙyashe yakan yi watanni, wani ma fiye da shekara, a ruwan daɗi, sannan jikinsa ya sake tsari gaba ɗaya: launinsa ya koma kamar azurfa, ƙodarsa da mashaƙarsa su koyi fitar da gishiri maimakon riƙe shi. Sai ya gangara teku, ya yi shekaru yana kiwo, wani har gaɓar Alaska. Ran da lokaci ya yi sai ya juyo, ya nemi kogin da ya fito, ya nemi rafin da ya fito a cikin kogin, ya daina cin abinci, ya haura ya hayayyafa ya mutu. Gawarsa kuma ba ta tafi a banza ba: gaggafa ta ci, beyar ta ja zuwa daji, ragowar ta zama taki, har masana sun gano sinadarin da ya fito daga teku a jikin itatuwan bakin rafi.

Yadda yake gane gida ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. A farkon shekarun 1950 Arthur Hasler da ɗalibinsa Warren Wisby suka yi wani gwaji a rafin Issaquah, gabas da Seattle. Suka kama coho da suka riga suka zaɓi reshensu, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da mararrabar rafin. Masu buɗaɗɗen hanci suka koma inda aka ɗauko su, masu toshiya kuwa da yawa suka ɓata. Ashe ƙanshin ruwan garinsu yake bi, ƙanshin da ya haddace tun yana ɗan yatsa. A tsakiyar teku kuma, inda babu ƙanshi, masana suna ganin maganaɗisun duniya ne ke yi masa jagora.

Wannan ne ya sa duk abin da aka yi wa rafi, teku ce ke biya. Madatsar Grand Coulee da aka kammala a kan kogin Columbia a farkon shekarun 1940 ba a yi mata hanyar haurawar kifi ba, ta rufe fiye da kilomita 1,600 na wuraren hayayyafa. An sare dazuzzukan da ke yi wa rafuka inuwa, ruwa ya ɗumama. An miƙar da koguna, an cike fadamu, an shimfiɗa kwalta. A 2020 masu bincike a jihar Washinton suka gano abin da ke kashe coho a rafukan cikin gari duk sanda aka yi ruwan sama: wani sinadari ne da ke samuwa daga maganin da ake sa wa tayar mota don kada ta tsattsage. Taya na goguwa a titi, ruwan sama na wanke ƙurar zuwa rafi, kifin da ya tsallake shekaru a teku ya zo ya mutu da ƙwai a cikinsa. Tun 1999 gwamnatin Amurka ta sa Chinook na Puget Sound cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A Kalifoniya abin ya kai ga rufe kamun salmon a teku gaba ɗaya a 2023 da 2024.

Don haka mai kayak na yau da littafin doka yake fita. Ƙugiyarsa ba ta da ƴar ƙayar nan da ke hana ta zamewa, doka ta hana. Rabonsa na yini galibi bai wuce kifi biyu ba, kuma da zarar ya kama sai ya rubuta a katin da hukuma ta ba shi. Kafin ma ya ɗaga kifi sai ya leƙa bayansa. Akwai wani ɗan fiffike na tsoka tsakanin gadon baya da wutsiya. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidajen kiwo na gwamnati ko na ƙabilun asalin yankin, akan yanke masa wannan fiffike kafin a sake shi. In babu fiffike, na kiwo ne, a yawancin lokuta halal ne a tafi da shi gida. In yana nan, haifaffen rafi ne, sai a zare masa ƙugiya a sallame shi ba tare da an shigo da shi jirgi ba. A nan ɗan kayak ya fi kowa sauƙin bin doka, tunda hannunsa na ruwa. Ba na cewa sakin ba ya kisa, wasu kifayen sukan mutu daga baya saboda wahala. Amma a ganina zalunci ne a nuna wa mai fatsa ɗaya yatsa a bar madatsa da kwalta.

Ba shi kaɗai ke jiran wannan kifi ba. Akwai wani dangi na manyan dabbobin teku masu baƙi da fari, waɗanda ake kira oka, da ke zama a wannan ruwa, kuma Chinook ne mafi yawan abincinsu. Yanzu ba su kai 80 ba. A 2018 ɗaya daga cikinsu, wadda aka sa wa suna Tahlequah, ta haihu ƴar ta mutu, ta yi kwana 17 tana tura gawar a kanta ba ta yarda ta nutse ba. Mutane da yawa da ba su taɓa riƙe fatsa ba a lokacin suka fara tambayar ina kifin ya tafi.

Akwai kuma masu haƙƙi na asali. A wannan tsinin ƙasa da muka fara da shi, Point No Point, a watan Janairun 1855, gwamna Isaac Stevens ya ƙulla yarjejeniya da mutanen S'Klallam da Skokomish da Chimakum. Suka ba da ƙasa, aka yi musu alkawarin za su ci gaba da kamun kifi a wuraren da suka saba. Irin wannan alkawari aka yi wa sauran ƙabilun yankin, aka kuma yi ta take shi shekara da shekaru. Billy Frank Jr. na ƙabilar Nisqually an kama shi fiye da sau 50 saboda ya jefa koma a kogin kakanninsa. Sai a 1974 alƙali George Boldt ya yanke hukunci cewa rabin kifin da ya halatta a kama na ƙabilun ne. Yau su da hukumar jiha suke zama kowace shekara su tsara ranakun buɗe ruwa da na rufewa. Ke nan ranar da mai kayak zai fita, da adadin da zai ɗauka, duk a wannan zama ake yanke su.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kifin ba ya riƙe fushi. Tsakanin 2011 da 2014 aka rushe madatsu biyu na kogin Elwha, yamma da Puget Sound, salmon ya koma haurawa wuraren da aka rufe masa kusan shekara 100. A kogin Klamath, kan iyakar Kalifoniya da Oregon, an gama cire madatsu huɗu a 2024, bayan gwagwarmayar shekaru da ƙabilun Yurok da Karuk suka jagoranta. A watan Oktoban wannan shekarar, makonni kaɗan da buɗe hanya, ma'aikata suka ga Chinook a wani rafi a ɓangaren Oregon, inda rabon da a ga irinsa tun 1912.